Motar da Ta Kashe Adda

Da hantsin wata Talata, a tsakiyar damina, aka tsinci gawar Adda a burtalin da ya zagaya ta bayan Kafin Dela, ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Tsohuwa ce mai tallar nono, ta nan take shigowa gari kullum daga rugarsu. Mota ce ta buge ta, mai motar kuma ya ƙara gaba.

Ni ne Ɗan'azumi mai bin sawu. Shanun sata na fi bi a rayuwata, na sha bin su har cikin Nijar in dawo da su. Amma a shekarar da nake ba ku labari, shekara biyar da cire Jigawa daga Kano, kasuwata ta mutu. Ɓarayi sun koyi loda shanu a mota, mutane kuma sun yanke cewa idona ya tsufa. Ba a aiko mini ba sai da rabin gari ya gama tattake wurin. Halin mutanenmu ke nan, sai sun dagula ƙasa da ƙafafunsu sannan su tuna akwai mai karanta ta.

Na tarar da Dagaci Muhammadu Lawal a tsaye, Abu ɗan marigayiyar kuma a durƙushe. Gawar tana gefen hanya a inuwar wata bishiyar marke, kwance a ɓarin dama, fuskarta na kallon gabas, an lulluɓe ta da mayafinta. Ƙwaryarta ma an ɗauko an ajiye kusa da kanta.

"Ranka ya daɗe, wa ya gyara mata kwanciya?" na tambayi Dagaci.

"Haka aka same ta," ya ce. "Ba sai ka wahala ba, Ɗan'azumi, an san motar. Na kira ka ne don kada a ce ban kira ba."

Gero ya wuce tsayin mutum a lokacin, saboda haka ba wanda ya ga komai. Amma mutum biyar sun ji. Malam Ukasha ladan ya ce ya fito daga masallaci ke nan, gari ya soma haske, ya ji ta tana gurnani ta bayan gonaki. Asma'u mai ƙosai ta ce tana hura wuta ta ji.

"Motar wa?" na ce wa Asma'u.

"Haba Baba, ta Maikasuwa mana. Ko cikin barci na san ta. In ya saki totur sai ta yi harbi biyu, tau, tau, kamar bindigar toka. Akuyata ma ta san ta."

Manoma uku suka maimaita wannan magana. Ban raina su ba. A ƙauyen da motocinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kowa ya san kowace da muryarta, yadda makiyayi ke sanin kukan saniyarsa. Ban taɓa jin sun yi kuskure ba.

Na bar su na koma baya, na bi burtalin har inda ƙafar kowa ba ta kai ba. An yi ruwa daren Litinin, ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai. Da farko dai, sawun tayoyin ya matsu da juna. Na zaro busasshen kara daga wani shinge, na yanke shi daidai faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. A kan kwana, inda sawun tayoyin gaba ke rabuwa da na baya, na ga na gaba sun fi na baya nutsewa da kusan yatsa biyu. Wannan ya ɗaure mini kai, domin motar kaya baya take nutsewa. Tun daga kwanar direban ya taka birki, tayoyin suka ja ƙasa taku arba'in da uku har inda Adda take, motar ba ta tsaya ba. A tsakiyar hanya kuma akwai wani dutse da ya ɗan turo kai, tsayinsa bai fi taƙi ɗaya ba. An kankare kansa fari fat, ga ɗigon baƙin mai nan biye da shi.

Bayan haka motar ta juya, ta hau falalen dutsen da ya haɗe da titin tsakuwa. A nan sawu ya ɓace mini.

Na dawo da karana na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramar mota ce. A-kori-kurar Maikasuwa ta fi wannan karan faɗi da taƙi guda."

Dagaci ya dubi karan, ya dube ni. "Mutum biyar, ciki har da ladan, ka zo mini da kara? Kunne ya girmi kaka, Ɗan'azumi."

"Gani kuma ya kori ji."

"To wa ya gani?"

Abu ya miƙe. Matashi ne mai sanyin magana, shi ya sa maganar tasa ta ba ni tsoro. "Ranka ya daɗe, mun bar maka shi zuwa addu'ar uku. Ranar Alhamis ko dai ka miƙa shi ga hukuma muna kallo, ko samarinmu su zo su karɓe shi. Ba zan iya riƙe su fiye da haka ba."

* * *

Dagaci ya aika wa 'yan sanda a Roni, aka ce ya tsare mutumin zuwa Alhamis ɗin, za a zo da mota. A ɗakin da ke cikin zaurensa na sami Maikasuwa zaune a kan buhu.

Mutumin wajen Babura ne, shekara takwas da zuwansa garinmu, yana jigilar hatsi zuwa kasuwanni. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, bai sake aure ba. Ba ya zaman majalisa, ba ya daɗewa a gidan suna. Mutumin da ba ya hira kuwa, a ƙauye, an riga an rubuta masa rabin laifi tun bai yi komai ba.

"Ina kake da asuba?" na ce.

"A ɗakina. Na yi salla na koma na kwanta."

"Wa ya gan ka?"

Ya yi wani murmushi marar daɗi. "Malam Ɗan'azumi, wa ke ganinka in ka rufe ƙofarka?"

Ya taɓa ni inda ke mini ciwo. Ni ma shekara tara ke nan da binne matata Zaituna, 'ya'yanmu mata biyu suna aure nesa, ni nake dafa abin da zan ci.

"Motarka fa?"

"Kwana goma sha biyu tana garejin Sama'ilu. Ƙarfen tayar baya ne ya karye, aka aika Kano. Ya ce in zo Laraba in ɗauka."

"Makulli?"

"Biyu ne. Ɗaya wurinsa, ɗaya ga shi." Ya taɓa aljihunsa. "Wallahi ban taɓa ta ba. Amma na san ba mai tsaya mini a garin nan. In suka tafi da ni shi ke nan, ko mai kai mini ruwa ba ni da shi."

"Ba motarka ba ce," na ce masa.

"To muryar wa suka ji?"

Na ɗauki karana na fita.

* * *

Sama'ilu bakanike shi ne abokina, kuma in faɗi gaskiya shi kaɗai ne. Garejinsa yana bakin titin tsakuwa, can bayan gari, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi, a ciki yake kwana. Shi ma gwauro ne. Shekara goma sha ɗaya kullum bayan la'asar ina zuwa mu buga dara, mu sha shayi, mu zagi gwamnati da samarin zamani.

A kusurwar garejin akwai wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu da ya saya ba inji, shekara shida da suka wuce. Ya yi mata fenti, ya ɗinke kujerunta, ya rufe ta da tamfol, kullum yana cewa injin da ya dace da ita bai zo ba tukuna. Mutanen gari suka sa mata suna Amarya, tunda ba ta fita. Ni kaina na fi kowa tsokanarsa a kanta.

Ran nan na tarar an ɗaure ƙofar da waya ta ciki. Na ƙwanƙwasa.

"Tsoho, jeka gida," ya ce daga ciki. "Zazzaɓi ne ya kayar da ni tun jiya."

"In kawo maka kunu?"

"A'a. Barci nake so."

"Yaran Dagaci sun zo?"

"Sun zo. Na ce musu gyara ya ƙare tun Lahadi, mota lafiyarta lau. Ko wani ya shigo ya fita da ita, ban sani ba, ban san inda kaina yake ba."

Ta tsagar ƙofa na hango a-kori-kurar a tsaye, bonet a rufe. Da na juya zan tafi na ji kamar motsin sarƙa a ciki. Ban tsaya tunani a kai ba, na koma gida na zauna a ƙofar ɗaki har magariba, ba abokin magana. Ban san la'asar tana da tsawo haka ba sai ranar.

Da safiyar Laraba Dagaci ya je garejin da kansa, ya sa aka tayar da a-kori-kurar. Aka taka totur aka saki. Tau, tau. Asma'u mai ƙosai ta dafe ƙirji ta ce, "Ita ce!" Mutane suka dube ni da karana, wasu yara har da dariya.

* * *

Malam Ukasha ne ya tsayar da ni a hanya. Ya ce in dai na nace ƙaramar mota ce, to masu shigo da shinkafa daga iyaka suna bin burtalin nan don kauce wa titi, kuma an sha ganin wani Ashiru na Babura. Na hau motar haya ta Kazaure, na canza wata, muka wuce Kanya Babba, ban isa Babura ba sai azahar.

Na sami Ashiru a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya yana cin rake. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya jefar da raken.

"Innalillahi! Baba, ni shinkafa nake ɗauka, ba rai ba. Talata da asuba ina can tsallake, mutum ashirin za su faɗa maka."

"Mutum ashirin ɗin duk abokan sana'arka ne. Ina motar?"

Na gwada karana a tayoyinta, ya kusa yin daidai, saura yatsa ɗaya. Murna ta kama ni. Na sa ya loda mata buhu shida, ya zagaya da ita a wani wuri mai danshi. Murnar ta koma ciki. An ɗaga bayan motar da ƙarin ƙarafa, duk da haka baya ne ya nutse, gaba kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Na sa aka sauke kayan, ya sake zagayawa. Gaba da baya suka zo kusan ɗaya.

Na zauna a kan buhu, gajiya ta sauko mini gaba ɗaya. Ashiru ya ga haka ya miƙo mini ruwa.

"Baba, me kake nema ne takamaimai?"

"Ƙaramar motar da gabanta ya fi bayanta nauyi, cikinta na jan ƙasa, birkinta ba ya tsayar da ita."

Ya tuntsire da dariya. "Ai wannan an yi mata dashe ne. Akwai masu ciro injin babbar mota su dasa wa ƙarama. Na taɓa hawa irinta sau ɗaya, na rantse ban ƙara ba. Gudu kamar aljani ya kore ka. Amma nauyin injin danne gaban yake yi, kwanon da baƙin mai ke taruwa a ciki ya sauko dab da ƙasa. Birkin kuma na ƙaramar ne, ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Duk wanda ya ƙara inji bai ƙara birki ba, likkafani ya saya."

"Muryarta fa? Ta ƙarama za ta yi ko ta babba?"

"Murya ai ta inji ce, Baba. Inda ya je nan take bin sa."

Na roƙe shi ya zo Kafin Dela ranar Alhamis, don ya wanke sunansa a gaban mutane. Ya yarda.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Mutum biyar ba su yi ƙarya ba, ƙasa ma ba ta yi ba. Injin Maikasuwa ne, a jikin wata motar. A duk Kafin Dela ƙaramar mota ɗaya ce ke da gurbin inji a buɗe, mutum ɗaya ne kuma ke da sarƙar ɗaga inji. Na yi ta addu'a Allah ya sa idona ya tsufa ɗin da gaske.

* * *

Rana ta yi ja lokacin da na isa garejin. Ƙofa a buɗe, Sama'ilu ya ɗora shayi, ya share gurbin dara. Idonsa ya faɗa, hannayensa duk sababbin ƙujewa.

"Tsoho, ina ka shiga yau? Zauna."

"Bari in duba wani abu tukuna."

Na cire hulata, na kwanta rigingine na shige ƙarƙashin a-kori-kurar. Daga ƙasa zuwa kwanon injin ya fi kamu ɗaya. Motar nan ko ta bi ta kan dutsen burtali sau ɗari ba za ta taɓa shi ba. Amma kwanon ya lotsa, ga doguwar ƙujewa sabuwa fil, an liƙe tsagar da gam. Na sa farce a cikin ƙujewar, ya fito da farin garin dutse.

Na fito da ƙyar. Na nufi kusurwa, na ɗaga gefen tamfol, na ɗora karan tsakanin tayoyin Amarya. Ya zauna daidai, ba ragi ba ƙari. An wanke tayoyin tas.

Sama'ilu bai motsa daga inda yake ba. Shayin ya tafasa ya zube a kan gawayi.

"Wa ka gaya wa?" ya ce.

"Ba kowa."

"To kai kaɗai ka gani."

"Ni kaɗai."

"Ɗan'azumi, shekara goma sha ɗaya. Wa ya zauna da kai lokacin da ka kwanta ciwon haƙarƙari? Wa ya ɗauke ka zuwa asibitin Kazaure?"

"Kai ne."

"Ba su da hujja a kan Maikasuwa sai ji. Alƙali zai sake shi. Wata shida, shekara, ya fito. Ni kuwa na haura sittin."

"In ya kai gaban alƙalin da ransa. In ya fito kuma, a wane gari zai zauna?"

Ya sauke butar shayin daga kan gawayi. Na so in zauna in sha shayin nan, Allah ya sani na so. Da na jefa karan cikin gawayi, da ba mai tambayata, tunda dama ba wanda ya yarda da shi. Na tsaya ina kallon wutar har na ji kunyar kaina.

"Gobe bayan addu'a zan tara mutane a burtali," na ce. "Kai za ka tuƙo a-kori-kurar. Zan yi magana a hankali, in bar maka wuri. Ka faɗa da bakinka, Sama'ilu. Kada ka sa ni in faɗa."

Na ɗauki hulata na fita.

* * *

Ranar Alhamis bayan an shafa addu'a, na roƙi Dagaci alfarma ɗaya kafin motar Roni ta iso. Ya yi tsaki, amma ya yarda. Aka taru a burtali. Dagaci da shaidu biyar suna gaba, Abu da samarin ruga da sandunansu a gefe guda. Aka kawo Maikasuwa tsakanin mutum biyu. Ashiru ya iso da motarsa. Sama'ilu ya tuƙo a-kori-kurar ya tsayar da ita a kan kwana.

Na nuna musu dutsen da kankararren kansa. Na ce wa Ashiru ya bi ta kai. Motarsa ta wuce ba ta taɓa ba.

"Wannan ya fita," na ce. "Sama'ilu, bi ta kai."

Ya bi a hankali. Na sa Abu ya kwanta ya leƙa. Ya ce tsakanin dutsen da cikin motar, ɗan akuya zai wuce.

"To ka ga," in ji Dagaci, "ba ta taɓa ba. Wata motar ce ta kankare dutsen wata rana daban. Me wannan ya canza?"

"Abu, kada ka tashi. Dubi kwanon da ke ƙarƙashin injin. Me ka gani?"

Ya daɗe a ƙasa. "Ya lotsa, Baba. An ƙuje shi. Ga garin dutse a ciki."

"Motar ba ta isa ta taɓa dutsen ba, amma injinta ya taɓa shi. Malam Ukasha, abin da ka ji gaskiya ne. Asma'u, ke ma haka. Injin Maikasuwa kuka ji. Sai dai ranar Talata da asuba ba a jikin wannan motar yake ba. An ciro shi an dasa wa wata ƙarama, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, birkinta kuma bai isa ya riƙe shi ba. Bayan abin ya faru aka mayar da shi."

Na dakata, na ba da wurin da na yi alkawari. Na dubi ƙasa, na ƙirga numfashina har goma. Sama'ilu yana tsaye jikin ƙofar motar yana goge hannunsa da tsumma. Na ƙara goma. Wani saurayi daga cikin 'yan ruga ya matsa kusa da Maikasuwa yana cewa ai shi ma direba ne, ya san kan inji.

Sai na faɗa.

"A je garejin Sama'ilu a ɗaga tamfol. Ga kara, a gwada."

Samarin suka yunƙura. Abu ya ɗaga hannu ɗaya, suka tsaya. Ya tako har gaban Sama'ilu, bai ɗaga murya ba.

"Baba Sama'ilu, abu ɗaya nake so in sani. Da ranta ka bar ta?"

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"A'a. Wallahi a'a. A hannuna ta cika. Na ɗauke ta daga hanya, na laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa. Ni na rufe mata ido." Hawaye suka zubo masa. "Shekara shida ana mini dariya. Injin nan ya kwana goma sha biyu a gabana, na ce aro zan yi na safiya ɗaya, in ji yadda take tafiya, in mayar kafin mai shi ya zo. Na zaɓi burtali don ba kowa. Na taka birkin, Abu, na taka har ƙasa. Ni bakanike ne, na san birkin bai isa ba tun ina ɗaura injin. Na ce sau ɗaya ne."

"Da ka zo ka faɗa mana a ranar," in ji Abu, "da wataƙila mun yafe. Amma ka bar bawan Allah nan kwana biyu a ɗaure, kana ji ana cewa za a kashe shi."

Ya juya ya ce wa samarinsa su koma ruga. Suka koma.

Dagaci ya ce a saki Maikasuwa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, kowa ya shagala da kallon Sama'ilu. Maikasuwa ya tsaya shi kaɗai yana murza wuyan hannunsa, sannan ya zo ya durƙusa a gabana. Na ce ya tashi, ba don shi kaɗai na yi ba.

Da 'yan sanda suka zo, Sama'ilu ya shiga motarsu da ƙafarsa. Ya bi ta gabana, kafaɗarsa ta kusa taɓa tawa. Bai dube ni ba.

* * *

Shekara huɗu aka yanke masa. Maikasuwa ya sayar da gidansa kafin kaka ya koma Babura. Dagaci ya riƙa ba da labari a majalisa cewa dama shi tun farko jikinsa bai ba shi ba. Na ƙyale shi.

Sama'ilu ba shi da kowa a kusa, ɗan'uwansa ɗaya yana can kudu. Saboda haka Juma'ar farko bayan an kai shi gidan yari, na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na sa man shanu yadda yake so, na hau motar haya. Na faɗa wa mai tsaron ƙofa sunana. Ya shiga ya daɗe, ya dawo.

"Baba, ya ce ba zai fito ba."

"Ya ce me kuma?"

"Bai ce komai ba."

Na miƙa masa kwanon na ce ya kai masa. Na zauna a kan benci a waje, tare da matan da suka zo ganin mazansu da 'ya'yansu. Kowa aka kira ya shiga ya fito, har wurin ya rage saura ni. Wajen la'asar mai tsaron ya dawo mini da kwanon. An cinye tuwon, an wanke kwanon fes, an ɗaure shi a ƙyallen yadda na ɗauro.

Duk Juma'a haka muke yi. Yanzu mun shiga shekara ta uku, bai fito ba ko sau ɗaya. Jiya mai tsaron ya tambaye ni ko ni yayansa ne. Na ce masa a'a, ni ne na kawo shi nan.